Gumin Bakin Bindiga

Mun bar gari kafin kiran assalatu, ni da Dogara, wan matata, wanda ya gaji farauta daga mahaifinsa. Wata ɓauna ce ta addabi masu shinkafa a fadama, har ta karya wa wani manomi haƙarƙari. Dogara ya ɗauki alkawarin kawar da ita. Ni kuwa, da na ƙare aikin akawu a ofishin awon yanayi, na roƙi ya tafi da ni, don a lokacin ina zaton tsoro abu ne da ke samun wasu mutane.

Dogara yana rataye da bindigar toka, da wuƙa a ɗamara, da ƙahon albarushi a cikin riga. A wuyansa akwai 'yar jakar fata mai ɗauke da dunƙulen gishiri. Da muka hau tudun da ke kallon kurmi, sai ya murza gishirin da yatsa, ya ji shi garas.

"Iska a bushe take, Akawu," in ji shi. "Yau albarushi zai yi magana."

Nan ya ɗura bindiga. Muka zauna jiran gari ya waye, sanyin tudu yana ratsa mu, ƙarfen bindigar ya yi sanyi kamar an tsamo shi daga randa.

Da haske ya fara, muka gangara. Iskar kurmi daban ce: mai ɗumi, mai nauyi, tana warin ruɓaɓɓen ganye. Raɓa ta jiƙe mu har ƙugu. Ga sawun kofato ya nutse a laka, ga kashi yana tururi. Can Dogara ya tsaya cak. A tsakiyar jiƙaƙƙiyar ciyawa akwai wani fili kwantacce, busasshe, mai faɗin tabarma biyu. Ya ɗora tafin hannu a kai.

"Da ɗumi," ya raɗa mini. "Yanzu ta tashi. Tana kallonmu."

Sai idona ya sauka kan bakin bindigar. Ƙarfen ya yi gumi, ɗigo-ɗigo. A ofis muna da ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya a bushe, ɗaya naɗe da jiƙaƙƙen ƙyalle. In awonsu ya kusa daidaita, iska ta ƙoshi da ruwa, kuma duk abin da ya fi ta sanyi, a kansa za ta sauke shi. Gishirin bai yi ƙarya ba, iskar tudu ya auna. Wannan sani ya zo mini kamar yadda al'amuran ofis suka saba zuwa, wato a makare.

Kafin in buɗe baki, ciyawar gamba ta tsage, sai ga ɓaunar. Baƙa ce wuluk, ƙahoninta sun haɗe a goshi, ƙasa tana rawa a ƙarƙashinta. Dogara ya saita, ya ja kunama. Ƙyas! Ko hayaƙi babu.

"Bishiya, Akawu! Bishiya!"

Ban san yadda na hau wata kanya da ke kusa ba. Dogara ya biyo ni, ƙahon ɓaunar ya tsage masa wando ya karce ƙwauri. Ɓaunar ta daki gindin bishiyar har haƙorana suka haɗu, ta tattake hulata, sannan ta ja gefe ta tsaya tana huci, idonta a kanmu. Reshen da muke kai ya fara ƙara.

"Kada ka motsa," in ji Dogara. "Ka yi zaman da ka saba yi a ofis."

Ya zazzage jiƙaƙƙen albarushin, ya goge cikin bindigar da gefen rawani, ya rungume ta cikin riga. Jini na ɗiga daga ƙafarsa, ɓaunar tana shinshinawa. Muka yi ta jiran rana. Lokaci-lokaci yakan miƙa wuƙarsa cikin iska ya duba ko ta yi gumi.

Sai da hantsi ya dubi ludayi wuƙar ta fito tas. Ya ɗura sabon albarushi daga ƙahon da tun asuba yake manne da fatar cikinsa, ya kwantar da bindigar a kan kafaɗata. Ƙarar ta toshe mini kunnen hagu har yau. Ɓaunar ta durƙusa, ta yi wani dogon nishi, ta kife.

Dogara bai daina rataya gishirinsa ba. Amma tun daga ranar, in zai gangara kurmi da asuba, cikin riga yake goya bindigarsa, kamar jinjiri mai mura.