Daƙiƙa Arba'in

Ranar da Lukumanu ya fara ganin Bara'atu, dokokin gasa yake karantawa, sai harshensa ya sarƙe a doka ta uku. Shi ne mai riƙe agogo a gasar jawabi ta matasan Karaye da Rogo. Wanda ya karanta daga takarda a cire shi, wanda ya ci mutuncin abokin gasa a cire shi, wanda ya wuce minti biyar da rabi shi ma waje, ko da zuma ce ke zuba daga bakinsa.

"Malam, maimaita mana ta ukun," in ji wata doguwa mai shuɗin hijabi, tana danne dariya. "Mu 'yan Gwangwan ba mu ji ba."

Bara'atu ke nan, ɗaya daga cikin 'yan gasar. Kafin a kai zagaye na biyu, wayarta da ta Lukumanu sun daina hutawa.

"Mai agogona, minti goma ba ka amsa saƙona ba. Na cire ka daga gasa."

"Tuba nake, Bara'ata. Na ɗaukaka ƙara zuwa zuciyarki."

Amma da aka zo maganar aure, mahaifinta, Malam Hammawa, ya ce sam. Suhaibu, ɗan ƙaninsa da ke cikin gasar kuma yake son Bara'atu, ya riga ya kai masa gulma wai Lukumanu na danne mata agogo, shi ya sa take ta haurawa.

"Wanda zai yi maguɗi dominki, gobe ke zai yi wa," in ji tsohon. "Zan je wasan ƙarshe in gani da idona."

Ranar ƙarshe a Karaye, zaure ya cika maƙil, babu Malam Hammawa. Ruwan safe ya ɓata hanyar Rogo. Bara'atu ta shiga minti na uku tana zuba jawabi a kan karatun 'ya'yan makiyaya, sai ga tsohon ya shigo da dattawa biyu, bakin wandonsu duk taɓo.

Ta katse maganarta ta durƙusa wa mahaifinta.

"Baffa, sannunku da zuwa. Kun zo lafiya? Ya hanya?"

Shi kuwa Baffa bai iya gajeriyar gaisuwa ba. Ya amsa, ya tambayi gajiya, ya sa albarka, dattawan nan ma kowa ya karɓi tasa. Lukumanu ya dubi agogo. Doka ba ta ce a tsayar da agogo don gaisuwa ba. Yatsansa na kan maɓalli, kuma ba mai kallonsa, don kowa ya juya wajen ƙofa. Danni ɗaya ya isa. Bai danna ba.

Ta miƙe ta ƙarasa, zauren ya ɗauki tafi. Babban alƙali ya juyo.

"Mai agogo, nawa?"

Ta dube shi da murmushi. Wallahi da ƙasa za ta tsage da ya shige.

"Minti shida da daƙiƙa goma, ranka ya daɗe."

Aka cire ta. Suhaibu ya ɗauki kofi yana washe baki.

Bayan la'asar saƙonta ya shigo: "Daƙiƙa arba'in kacal, Lukumanu. Kuma ka san wanda na gaisar."

Sunansa tsirara, babu mai agogona. Ya rubuta, ya kira, kwana uku shiru.

Rana ta huɗu Malam Hammawa ya aika a kira shi. Ya same shi a gindin rumbu, ya zube ya gaishe shi.

"Ni na ci mata lokacin nan da doguwar gaisuwata," in ji tsohon. "An ce min kana yi mata maguɗi. Sai na ga ko a kanta bakinka bai kauce wa gaskiya ba. Turo magabatanka."

Bayan an cire gyaɗa aka ɗaura aure. Da aka kai amarya, ya yi sallama ta amsa, ya zauna kusa da ita.

"Bara'ata."

Shiru. Ta kama hannunsa ta zuba wa agogonsa ido. Ya sake kira, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Can ta saki hannun.

"Arba'in cif. Na rama, mai agogona."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.