Ba a Kashe Motar Gatari

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗago kai, shi ya so!"

Tsakar rana ce, kasuwar bakin iyaka tana ci. Gatari ya shiga shagon mai gwal kamar ya zo karɓar ajiya, Gwauro da Shiru na bayansa da bindigogi. Mai shagon ya kife a ƙasa yana ta salati.

"Baba, rage murya," in ji Gatari. "Ba ranka muka zo ɗauka ba, ina za mu kai shi?"

A waje Auta na zaune a mota, inji na kuka. Ƙanin Gatari ne, ciki ɗaya. Motar kuwa akwala ce, in ta mutu sai an tura. An sha ce wa Gatari ya sauya ta, ya ƙi. A da ɗan dako ne, yana tsallakar da buhunan 'yan fasa-ƙwauri kogi a ka, kuma ita ce abu na farko da ya mallaka a duniya. Ta sha haye gada da shi harsashi na bin su. Shi ya sa dokarsa ɗaya ce: ana aiki, ba a kashe mota. Sitiyarin ma bai yarda da kowa ba sai jininsa, har gareji ya je ya ɗauko Auta daga kanikanci.

Abin da Gatari bai sani ba, tun shekaranjiya Innarsu na hannun 'yan sanda. Tsohuwa mai ciwon suga, a kan siminti.

"Ba mu ce ka harbi kowa ba," Sufeto ya gaya wa Auta. "Makulli kawai za ka murɗa. Ka murɗa, tsohuwa ta kwana a gida. Ka ƙi, ko maganinta ba za mu karɓa ba."

"Da rai za ku kama shi?"

"In ya yarda."

Yanzu ga 'yan sandan can bayan shagon mai faci, cikin farin kaya. Auta ya dubi makullin. Bai ji tsoro ba, bai ji komai ba. Ya murɗa.

Tsit.

Su Gatari suka fito a guje da jakar gwal.

"Oga, ta mutu!" in ji Gwauro.

"To sai me? Yau ta fara? Auta, sa giya biyu — ku zo mu tura!"

Gatari ya ɗora bindigarsa a kan but ɗin motar, ya kafa hannu biyu. Motar ta fara gangarawa.

"Saki kuloci! Auta, saki mana!"

Ƙafar Auta ba ta motsa ba. A madubi yana ganin fuskar yayansa, gumi na zuba, ba alamar zargi a cikinta. Turawa kawai yake.

"Ku tsaya! 'Yan sanda ne!"

Gwauro ya juya ya buɗe wuta — tau! tau! Aka mayar masa. Mutane suka watse, tirorin 'yan talla na kifewa! Shiru ya jefar da tasa bindigar ya ɗaga hannu. Gwauro ya faɗa kwata. Auta ya sake duba madubi, babu kowa a ciki. Motar ta ɗan ƙara gaba ita kaɗai, ta tsaya.

An kwashi gawar Gatari da ta Gwauro a bayan motar 'yan sanda, tare da ta wata mai sayar da lemo da ba ta san hawa ba balle sauka. Shiru na gidan yari. Gwal ya koma shago.

Sufeto ya cika alkawari. Da yamma Auta ya kai Inna gida, ya zaunar da ita, ya miƙa mata magani da ruwa. Ta riga ta ji labari a hanya. Ba ta yi kuka ba.

"An ce motar ce ta mutu."

"Ita ce, Inna."

"Sau nawa na ce ya rabu da akwalar nan." Ta haɗiye maganin, ta dafa kansa. "Kai dai ka yi iyakar ƙoƙarinka, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka."

Auta ya karɓi kofin daga hannunta.

"Amin," ya ce.