Hannu a Tukunyar Inna

"Inna, wai da gaske ne wanda bai ƙoshi ba ran Cika-ciki, ba shi ƙoshi har shekara ta ƙare?"

Auta ce ta yi wannan tambaya. Ni ina bayan danga ina wanke-wanke na ji ta. Auta ƙanwar maigidana ce. Shekararta tara, tana aji uku a firamare.

Inna, uwar maigidana, ta yi dariya.

"Haka munka taso munka ji," in ji ta. "Shi ya sa na aje muna nama. Jibi kowa zai ci ya ƙoshi, in Allah ya so."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki jakar makarantarta ta fita ba ko sallama. Ni na san dalili.

Wannan ya faru a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Shekara ce da muka sha wuya a gidanmu na Ƙauran Namoda. Wata biyu da kawo ni daga Zurmi, maigidana ya faɗi da babur a hanyar Shinkafi. Ƙafarsa ta karye. Ya daɗe kwance wurin mai ɗori. Gonarmu ta Banga ba ta samu noma ba, ciyawa ta cinye geron. Sau da yawa koko muke sha da rana, mu jira tuwon dare.

Da Babbar Salla ta zo, ba mu yi layya ba. Maƙwabcinmu Malam Maccido ya aiko mana da cinyar rago guda.

Inna ta soya ta sarai. Muka ɗanɗana kaɗan. Sauran ta zuba a wata ƙaramar tukunya tare da kitsensa, ta rufe, ta rataye a ragaya cikin ɗakinta.

"Wannan na Cika-ciki ne," ta ce. "Wata guda kawai za mu jira. Da shi za mu tarbi sabuwar shekara. Wadda ta wuce ta wuce da wahalarta."

Kwana biyar bayan haka na ga Auta. Inna ta tafi barka. Na zo wucewa da tsintsiya, sai na hango ta bisa turmin da ta kife. Hannunta na cikin tukunya. Ta ɗauki tsoka ɗaya, ta jefa a baki, ta goge yatsunta a gefen hijabi.

Ba ta gan ni ba. Ni kuma ban ce komai ba.

Na ce a raina, tsoka ɗaya ce, kuma yunwa ce. Ban da haka, ni baƙuwa ce a gidan. Ina jin kunyar Inna ƙwarai. Ko ido ba na iya haɗawa da ita. Yaya zan kai ƙarar 'yar autarta?

Amma ba a tsaya a tsoka ɗaya ba. Duk ranar da Inna ta fita, sai in ga turmi ya matsa daga inda na bar shi. Gefen hijabin Auta kuma kullum da maiƙo. Ni nake wanke shi.

Ranar tara ga watan Muharram ta zo. Tun da hantsi Gwaggo Asibi, ƙanwar Inna, ta iso don ta taya mu aiki. Mace ce mai barkwanci da ƙarfin murya. Muka surfa dawa, muka daka kuka da daddawa. Da la'asar Inna ta sauko da tukunya ta buɗe.

Ta daɗe tana kallon ciki.

"Mi ya faru?" in ji Gwaggo Asibi. Ta leƙa. "La ilaha illallahu! Ina naman?"

Tsoka uku ne suka rage, sai kitse a ƙasa.

"Ko ɓera ne?" in ji Inna a hankali.

"Ɓeran da ke buɗe murfi ya maida? Wannan ɓera ya yi makaranta!" Gwaggo Asibi ta juyo ta dube ni. "Amarya, wa ke zama gida in kowa ya fita? Ko ke ce kinka fara kwaɗayi? In kwaɗayi ne ki faɗi, mu yi murna."

Da wasa ta faɗa, amma ba duka ne wasa ba. Maigidana na zaune a inuwa da sandarsa, yana ji. Inna ma ta ɗago kai ta dube ni.

Na sunkuyar da kai. Na so in yi magana, bakina ya ƙi buɗewa. Idan na yi shiru, za a ce amaryar da aka kawo daga Zurmi tana cin abin da surukarta ta ɓoye. Wannan magana ba ta wankuwa. Har gidanmu za ta kai. Hawaye suka fara zubo mini.

Auta na tsaye a bakin zaure da allonta. Ta dawo daga Islamiyya ke nan. Ta dubi tukunya, ta dube ni. Allon ya faɗi daga hannunta.

"Ba Anti Rahina ba ce!" ta ce da ƙarfi. "Ni ce! Inna, ni ce na ci!"

Ta fashe da kuka.

"Ke kaɗai?" in ji Gwaggo Asibi. "Cinya guda? Ina kinka sa ta, ke da ba ki kai muciya kauri ba?"

"Ɗaya-ɗaya nake ɗauka," in ji Auta. "Kullum sai in ce ɗaya ba ta ragewa. Shekaranjiya na duba na ga ya kusa ƙarewa. Inna, yanzu saboda ni ba mu ƙoshi duk shekara?"

Inna ta aje tukunya.

"Zo nan," ta ce.

Auta ta matso.

"Ƙoshi na hannun Allah, ba ya cikin tukunya," in ji Inna. "Amma kin yi laifi biyu. Kin taɓa abin da anka aje don kowa. Kuma saura kaɗan a ɗora wa wata laifinki. Je ki ba ta haƙuri."

Auta ta durƙusa a gabana. "Anti, ki yafe mini."

Nan ne bakina ya buɗe. Ban san inda ƙarfin ya fito ba.

"Inna," na ce, kaina a ƙasa, "ni ma ina da laifi. Na gan ta tun ranar farko. Kunya ta hana ni faɗi."

"Ashe amarya na da murya!" in ji Gwaggo Asibi. Sai ta dafa kafaɗata. "Ki yafe mini, ɗiyata. Bakina ya riga hankalina."

Inna ta ce, "Rahina, kunya ado ce. Amma ba a jin kunyar gyara yaro. Ƙanwarki ce. Da kin tsawata mata tun tsokar farko, da ba a kai ga haka ba."

Aka yi tuwo. Aka yi miyar kuka da kitsen da ya rage, da tsoka ukun nan. A unguwarmu, ran Cika-ciki kowane gida yakan aika wa maƙwabta abinci. Inna ta zuba tuwo a kwano, ta miƙa wa Auta.

"Ki kai gidan Malam Maccido. Su sunka ba mu naman. Ki faɗa wa matarsa Zainabu da bakinki abin da ya sa miyarmu ba nama."

"Inna, don Allah a aiki wani."

"Ƙafar da ta hau turmi ita za ta tafi."

Auta ta tafi tana jan ƙafa. Ba ta daɗe ba ta dawo da wani kwano a kai, ya fi wanda ta kai girma. Idanunta sun yi ja, amma tana murmushi.

"Na faɗa wa Gwaggo Zainabu," ta ce. "Ta ja mini kunne. Ta ce wai ita ma ta taɓa yi tana yarinya, har ta faɗo daga kan turmi. Ta ce in kawo wannan."

Shinkafa ce da miya, da kan rago da suka busar tun Salla. Kafin magariba wasu kwanoni suka shigo daga wasu gidaje. Wani da dambu, wani da ƙafar kaza. A cikinsu ba wanda ya san abin da ya faru. Al'ada ce kawai, kuma sun san shekarar da muka yi.

Bayan salla muka shimfiɗa tabarma. Maigidana ya dawo daga masallaci. Sai da ya zauna na lura ya bar sandarsa jingine a zaure.

"Mako mai zuwa zan je Banga sharar gona," ya ce. "Bana da ƙafata zan yi shuka, in Allah ya yarda."

Inna ta ɗaga hannu. "Alhamdu lillahi. Allah ya kai mu damina lafiya. Allah ya saka wa maƙwabtanmu da alheri."

Muka ce amin. Muka ci har muka bari.

"Auta, mi kinka koya yau?" in ji Inna.

"Abin da aka ajiye don kowa amana ne," in ji Auta. "Ɗaya-ɗaya ma tana ƙarar da tukunya. Kuma in ka yi laifi ka faɗa, kada a kama wani."

"To, kin ƙoshi?"

"Na ƙoshi, Inna."

Washegari da safe, Inna ta tafi gaisuwa gidan Gwaggo Asibi. Na zo wucewa da tsintsiya, sai na ga turmi a kife a ƙarƙashin ragaya. Auta na bisa. Wannan karon na buɗe baki zan yi magana.

Sai na ga abin da ke hannunta. Tsoka biyu ne a ƙunshe cikin takardar littafi. Rabonta ne na jiya. Ashe ba ta ci ba. Ta sa su cikin tukunyar Inna, ta mayar da murfi a hankali, ta sauko.

Na koma bayan danga kafin ta juyo. Na ce a raina, wannan kam ba zan faɗa wa kowa ba. Bari Inna ta buɗe tukunyarta ta gani da kanta.