Ɓerayen Keji na Huɗu

Kwana uku Insfekta Garbai ya yi a Sorau yana bin sawun ɓarayin shanu. Ko takalmi bai cire ba, DPO ya tura shi wani ɗakin gwaji a gefen Mubi.

"Ranki ya daɗe, don ɓeraye aka kira ni?" ya tambayi Dakta Zenaba, shugabar wurin.

"Aikin shekara biyu ne, Insfekta. Sankarar mama ba iri ɗaya ba ce. Muna bin ƙwayoyin halittarta mu rarrabe ta, kowane iri mu dasa shi a jikin ɓeraye. Na keji na huɗu suna ɗauke da wadda ba ta jin magani. Sabuwar allurarmu ta fara rage girman ƙarin da ke jikinsu, sai ya sake kumbura. Yau duk sun mutu."

Garbai ya duba firijin da ake ajiye maganin. Ba a taɓa kwaɗo ba. Ya sa Dakta ta gwada kwalbar maganin.

Ruwan gishiri ne a ciki.

Purity, mai yi wa ɓerayen allura, ta rantse ba ta taɓa fita da komai ba.

Garbai ya sami maigadi Ya'akubu a bakin ƙofa.

"Oga, ni ban gani komai ba."

"Baba, na gaji. Wa ke fita da kaya?"

Tsohon ya sosa ƙeya. "Purity ne yana fita da kula na ƙanƙara kowane Juma'a. Ya ce maganin ciwon suga ne, na kaiwa garin Gude."

Garbai ya koma ciki, ya ja kujera ya zauna gaban Purity.

"Wa ke ciwo a Gude?"

Ta amsa a hankali.

"Yayata Dorathy. Ni na gwada naman da aka yanko mata. Irin na keji na huɗu ne. Kullum ina ganin ɓeraye suna samun sauƙi, ita tana lalacewa. Sai na zuƙe maganin, na zuba ruwa."

Dakta Zenaba ta dafe kai. "Purity, awon ɓera ne fa. Duk kwalbar ba za ta ishi mutum yini ɗaya ba."

"Na sani, Ma."

Garbai ya rufe littafinsa.

"Yaya jikin nata?"

"Ranar Talata muka binne ta."

Bai ciro ankwa ba. Ya fita da ita, ya buɗe mata ƙofar motar 'yan sanda, ya jira har ta shiga.