Ganyen Ayaba a Gidan Achan

"Sake faɗa, Ikka... ban ji da kyau ba."

Niyas, mijin Latika, wanda take kira Ikka, ya kasa ɗago kai. Yana zaune a bakin gado cikin farin zane mai bakin zinare da ta saya masa musamman saboda yau.

"Muryata ce, Latika. Yaron nan na cikin fim ɗin, mai yaudarar 'yan mata... ni na ɗora masa murya da yarenmu."

Allurar mayafin da take riƙe da ita ta suɓuce ta faɗi ƙasa.

Ba sai ta tambayi wane fim ba. Wa ya rage a jiharsu ta Kerala, a kudancin Indiya, da bai san shi ba? Fim ne da aka yi can arewacin ƙasar, wai samarin Musulmi suna jan 'yan matan Hindu da soyayya, su musuluntar da su, su tura su sansanin 'yan ta'adda a ƙasashen waje. Tun da ya fito gari ya ƙi zaman lafiya. Wasu na zanga-zanga a hana nuna shi, wasu na cika motoci suna kai unguwa guda kallo kyauta, 'yan sanda kuwa sun tare ƙofar kowace silima.

Ita kuma Latika ta zama abin nuni a kasuwa. Ita da ta musulunta don kanta tun tana kwaleji, kafin ma ta san akwai wani Niyas a duniya! Amma wa zai tsaya ya saurare ta?

"Kai? Da bakinka?"

"Wallahi ban sani ba, masoyiyata! Guntu-guntu ake ba mu aikin, ka karanta layinka ka fita. Ce min aka yi asirin 'yan ta'adda za a tona, kuma kin san ba wanda ya fi ni tsanar su. Sai da ya fito na ga sun haɗa mu gaba ɗaya sun yi mana kuɗin goro. Na roƙa aka cire sunana. In 'yan masallacinmu suka ji, ko sallamata ba mai amsawa..."

"Shi ne ka ɓoye min sai yau? Yau, Ikka?!"

Kuka ya ƙwace mata. Shekara huɗu mahaifinta bai yarda ta taka ƙofar gidansa ba. Sai wancan makon mahaifiyarta, wadda take kira Amma, ta bugo waya tana sheshsheƙa, ta ce Achan, wato mahaifin nata, ya kalli fim ɗin, ya koma ya sake kalla, tun daga nan ya daina barci. Ya ce a kira masa 'yarsa ta zo cin abincin Onam, bikinsu na girbi, ita da mijin, ya ga da idonsa cewa tana nan ba a kai ta ko'ina ba.

Niyas ya durƙusa gabanta. "Ki tafi ke kaɗai, ki ce ba ni da lafiya."

"Don ya ce ɓoye ka nake? A'a." Ta share hawaye da bayan hannu. "Achan bai taɓa jin maganarka ba. To yau ma ba zai ji ba. Mura ta kama ka, muryarka ta dishe. Ko 'uhm' ban yarda ka ce ba."

A motar haya zuwa Thalassery, garin iyayenta, ta dinga yi masa bita kamar ɗan makaranta.

"In ka gama ci, ka naɗo ganyen wajen ƙirjinka, alamar ka ji daɗi za ka dawo. Kar ka kuskura ka tura shi gaba, a gidan mutuwa kawai ake haka."

"Haba Latika, ni ma fa ɗan ƙasar nan ne..."

"Shiru! Ka fara tun yanzu."

Gidan yana nan yadda ta bar shi, da bishiyoyin kwakwarsa, da adon furanni zagaye a ƙasa a bakin ƙofa. Mahaifiyarta ta fito da gudu ta rungume ta, tana shafa fuskarta, tana shafa har mayafin. Achan yana tsaye a baranda. Wayyo, ya tsufa! Duk ƙasusuwan wuyansa sun fito. Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ce, "Kin rame, 'yar nan. Ku shigo."

Kalmomin nan kaɗai sun ishe ta. Ji ta yi kamar an sauke mata dutse daga ƙirji.

Niyas ya haɗa hannu ya sunkuya, ya nuna maƙogwaronsa. Amma ta ce, "Ayya, bari in dafa masa citta."

Aka shimfiɗa tabarmi, aka jera ganyen ayaba gaban kowa. Shinkafa, miyar kwakwa, soyayyar ayaba, yajin mangwaro, komai a mazauninsa. Achan ya zaunar da Latika kusa da shi kamar da. Da hannunsa ya ɗauki soyayyar ayabarsa ya ɗora a ganyenta, bai ko kalle ta ba. Ta ci tana haɗiye kuka.

Da an tashi a haka, da an tashi lafiya. To amma akwai Gwaggo Sarojini, ƙanwar Achan, wadda bakinta bai taɓa sanin ranar biki ba.

"Latika, ko me ma ake ce miki yanzu... ba kya jin zafi cikin wannan lulluɓin?"

"Na saba, Gwaggo."

"Haka ta fim ɗin ma ta ce. Ta saba." Ta juya ga Amma. "Ki bincika jakarta, Yaya, ki ga ko har an yi mata fasfo. Ai ba rana ɗaya suke tafiya da su ba. Sai sun samu ciki tukuna, don kar su iya gudowa."

Latika ta dafe cikinta ba ta sani ba. Watansa uku, kuma albishir ɗin da ta zo yi wa Achan ke nan bayan an sha kunun madara na rufe abinci.

Gwaggo ta zaro ido. "Kun gani?! Wayyo, mun shiga uku! Ashe har an gama da ita!"

Ɗakin ya juya wa Latika. Ta yi baya za ta faɗi.

Shi kuwa Niyas, bawan Allah, ina zai tuna da wata mura? Ya tsallake ganyensa ya tare ta, ya riƙe fuskarta da hannu biyu, cikin wannan taushin muryar tasa da ta sa ta ƙaunace shi tun farko.

"Kalle ni, raina... kar ki ji tsoro. Ina tare da ke. Ko duniya ta guje ki, ni ba zan bar ki ba."

Kowa ya juyo yana kallon Niyas.

Latika ta buɗe ido ta ga fuskar mahaifinta. Lomar da ya ɗauko tana hannunsa, shinkafar na zubowa ta tsakanin yatsunsa.

"Na san muryar nan," in ji Achan a hankali. "Ita ce take hana ni barci. Kusan haka ya ce wa yarinyar, ranar da ya raba ta da gidan ubanta."

"Achan, ka saurare ni! Aiki ne kawai, takarda aka ba shi ya karanta..."

"Shi ya sa kika rufe masa baki." Ya kalle ta, idanunsa sun kaɗa jajur. "Kin sani. Kika zauna kusa da ni, kika ci daga hannuna, kina yi min ƙarya."

Niyas ya zube. "Achan, ni nake da laifi, ita sai yau da safe..."

"Kar ka sake yin magana a gidana!"

"Don ina son in dawo ne, Achan!" Ta kama ƙafarsa. "Ba wanda ya yaudare ni, ba wanda zai kai ni ko'ina! Jikanka ne a cikina, a nan zan haife shi, a hannunka zai girma... Don Allah, Achan!"

Bai janye ƙafar ba, bai kuma daka mata tsawa ba. Da ma tsawar ya yi, da ya fi mata sauƙi. Hannu ya miƙa ga ganyen da ke gabanta, da sauran soyayyar ayabar a kai. Ya kama bakinsa, ya naɗe shi a hankali, ya tura gaba.

Mahaifiyarta ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu. "A'a! Tana da rai! 'Yata tana da rai!"

Achan ya miƙe ya shige ɗaki, ya ja ƙofa.

Latika ba ta san yadda ta fito ba. Ta dai tsinci kanta a bakin titi, takalminta a hannu, furanni sun manne mata a tafin ƙafa. Daga shagon shayin tsallake wani yana kallon tallar fim ɗin a waya, muryar mijinta na tashi tar-tar, tana yi wa wata yarinya alkawari.

Niyas ya matso, hawaye na zuba a gemunsa. Tana son sa, wallahi tana son sa, kuma duk duniya yanzu shi kaɗai ya rage mata.

"Latika... raina, ina tare da..."

Ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, ta durƙushe a wurin.

"Yi shiru, Ikka. Don girman Allah, yi shiru."