Agogon Kwamfutar Maliki

Ranar ba a dawo da wuta a unguwar Briqueterie ba sai da rana ta yi ja. Jaratu na ganin ƙwan lantarki ya kama, ta zari mayafi da makullin shagon yayanta. Inna ta ji ƙarar makullin daga kan tabarma, ta ce magariba ta kawo kai, a bari sai gobe. Jaratu ta ce goben ma wa ya san ko za a bar musu wutar. Duk layin an san halinta, in ta kafe ko jaki sai ya sara mata.

Idon Inna ne ke tafiya. Likita ya ce ɗan ganin da ya rage mata ba zai kai damina mai zuwa ba, ita kuwa burinta ɗaya, ta sake ganin fuskar Maliki, ɗanta na fari, yayan Jaratu, da ya daɗe a ƙasa. Gobarar da ta cinye layinsu ta tafi da hotunan gidan kaf, ta bar wa Jaratu tabon ƙuna a bayan hannun dama. Hoto ɗaya ya rage a duniya, yana cikin tsohuwar kwamfutar da Maliki ke buga wa mutane takardu da ita, a shagon da aka rufe tun ranar jana'izarsa.

Satin da ya wuce ta ɗauko Alim mai gyaran kwamfuta daga unguwar Elig-Edzoa, ta tsaya a waje ya shiga. Bai jima ba ya fito da takalmi ƙafa ɗaya. Abin da ya iya ce mata kawai, "Pil na agogo, wato batirinsa, ya mutu, injin bai san shekara ba. In ya tambaye ki, gaya masa gaskiya. Ni kam ba na komawa." Ta yi masa dariya har ya hau moto, babur ɗin haya.

Ta ratsa ta hayaƙin masu tsire da hon ɗin 'yan moto, teloli na sauke ƙofofi. Kwaɗon ya yi tsatsa amma ya buɗe. Ta shiga ba sallama, wai shagon yayanta ne, wa za ta yi wa.

Kwamfutar na nan kan teburi, farinta ya koma ruwan ƙasa, allonta mai ƙatuwar ƙeya, na'urar buga takarda a gefe. Ta share ƙura da gefen mayafi, ta danna. Fankar ciki ta yi tari sannan ta kama. Aka yi ƙit sau ɗaya, warin ƙura mai zafi ya taso. Farin rubutu ya hau baƙin allo, yana cewa agogo ya ɓace: ko ta gyara, ko ta danna F1 a ci gaba a haka. Shekarar da ya nuna 2001 ce. Jaratu na sauri, ta danna F1.

Tsohon Windows ya fara tashi, shuɗin sama da gizagizai, injin yana gurnani kamar ɓera na cin katako. Da ɗan kiɗan buɗewar ya ƙare, sai ta lura titi ya yi tsit. Ba hon, ba janareta.

Aka kira sallah. Ta san muryar. Malam Ilyas ne, da ɗan tarin nan nasa kafin ya fara. Ladanin da ita da kanta ta je wa matarsa ta'aziyyar rasuwarsa tun kafin gobara.

Ta dubi hannunta a kan teburi. Ba tabo. Fata sumul, ta budurwa.

Tsoro ya kama ta sosai. Amma ta tuna Inna tana kai kofi saitin ido don ta gane launinsa, ta cije leɓe ta jawo kujera. Ta buɗe inda Maliki ke ajiye hotuna. Ga shi nan, cikin farar riga ranar Sallah, yana dariya, kunnuwan nan a baje. Ta sa hannu a jaka don ta ɗauko waya ta ɗauki hoton allon. Ba waya. Ta zazzage jakar, sai kwalli da carbi.

Bencin da ke bayanta ya yi ƙara.

Ƙamshin turaren Maliki ya cika shagon. Ba ta juya ba. A gilashin allon, gefen da duhu ya fi yawa, ta ga mutum zaune, farar riga, hannaye kan gwiwa.

"Jaratu," aka ce a hankali. "Kin daɗe."

Muryarsa ce, ba ko tantama. Hawaye suka zubo mata. Sai dai Maliki da ciwon ƙirji aka haife shi, numfashinsa na fito kamar buta kan wuta, daga ƙofar gida ake jin zuwansa. Ta kasa kunne. Wanda ke bayanta ba ya numfashi ko kaɗan.

"Je ki kawo Inna," muryar ta ce. "A nan idonta garau. A nan ba gobara. Ba wanda ya mutu."

"A gabana aka fita da makarar yayana," ta ce. "Kai dai ka samu kango ka tare."

Ta dubi na'urar buga takarda. Ta san tawadarta ta daɗe da bushewa ta zama dutse. To, wannan a shekarar da ta baro a waje ne. A shekarar da mai bencin ya jawo ta, tawada sabuwa ce fil, ga fararen takardu a jere. Tunda ya ara mata shekara, ai sai ta more. Ta yi bismillah ta danna.

Na'urar ta ja takarda. Ta fara kai da kawowa, layi bayan layi. Hula ta fito. Goshi ya fito.

Bencin ya sake ƙara. An tashi tsaye.

Ido. Hanci.

Sanyi ya sauka a ƙeyarta. Ba ƙarar taku, amma inuwar cikin gilashin tana girma, kanta ya wuce inda kan mutum ke tsayawa. Malam Ilyas ya kai ƙarshen kiran sallah ya koma farko.

Takardar ta faɗo. Ta cusa ta cikin riga, ta kai kibiyar kwamfutar kan ɗan agogon da ke kusurwar allo, ta buɗe shi.

Aka kama wuyan hannunta na dama. Yatsun dogaye ne, sun zagaye shi har sun haɗe, sanyinsu ya shiga ƙashi.

"Bar agogon nan." Yanzu ba muryar Maliki ba ce.

"Ƙarya ake yi masa," ta ce. "Ni kuma ba a yi da ni."

Ta miƙa hannun hagu ta saman na daman, tana Ayatul Kursiyyu a sarƙe, ta goge shekarar, ta buga ta gaskiya da yatsa ɗaya. Ta danna.

Wani abu ya fashe cikin injin. Allon ya tsuke ya zama ɗigon haske, ya mutu. Hon da hayaniya da hayaƙin tsire suka afko shagon lokaci guda. Ta fizge hannunta ta faɗa titi da rarrafe, saura ƙiris ɗan moto ya bi ta kanta. Yana zaginta da Faransanci, ita tana duba bayan hannunta. Tabon ya dawo, kuma ba ta taɓa murnar ganinsa ba sai ranar.

Kwamfutar ba ta sake tashi ba. Hannun daman kuwa har yau in magariba ta yi sai ya sandare, ya yi sanyi, sai bayan isha yake saki. Mutane suka ce a toshe shagon da bulo. Jaratu ta sa aka yi saukar Alƙur'ani a ciki, ta wanke shi, ta zuba atamfofi, kuma ba ta rufewa sai ta ga dama.

Daren da abin ya faru, da ta zaro takardar a gida, ta tarar ta yi ja, gefunanta sun ci, kamar wadda ta shekara ashirin a ƙasan akwati. Amma fuskar na nan. Ta kunna fitilar waya ta haska wa Inna. Tsohuwar ta kai takardar har kan hancinta, ta daɗe tana bin ta a hankali daga hula zuwa haɓa. Can ta yi 'yar dariya, hawaye na bin kuncinta.

"Ashe haka kunnuwansa suke," ta ce. "Na fara mantawa."