Muryar da Kaka Ta Sani

A wani ƙauye an yi wata yarinya mai kakkaurar murya. A gindin dutsen niƙa ta koyi waƙa, wajen kakarta makauniya. Duk sanda ta rera, sai kaka ta ce, "Wannan tawa ce."

Da ta girma, ta tafi birni yin waƙa. Mai kiɗa ya ce, "Muryarki ta yi kauri, ki siranta ta." Ta ji kunya, ta siranta. Ya ce, "Waƙar niƙa ai ta 'yan ƙauye ce, ki bar ta." Ta ji kunya, ta bari. Ta yi suna, kowace rediyo ita ake ji.

Ran nan aka aiko mata kaka tana kwance rai a hannun Allah. Ta zo, ta durƙusa, ta rera mata waƙarta da ta fi tashe.

Kaka ta ce, "Sannu, baƙuwa, muryarki da daɗi. Amma jikata nake jira."

"Ni ce, Kaka!"

"To, yi mini ta niƙa in ji."

Ta buɗe baki, ta nema, ta sake nema. Siririyar nan ce kawai ta fito.

Kaka ta mai da fuskarta wajen ƙofa, ta ci gaba da jira.